Masara, Ƙwaronta da Maharbinsa: Tarihin Baƙi Uku a Rumbunan Togo

Gabatarwa

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ma'anar karin maganar ita ce baƙo kwana yake yi ya wuce, kamar yadda raɓa take bushewa da fitowar rana, shi kuwa ɗan gari yana nan daram. A tsakanin mutane maganar ta zauna daidai. A tsakanin tsirrai da dabbobi da ƙwari kuwa, tarihi ya nuna akwai baƙon da idan ya sauka ba ya tashi, sai ma ya hayayyafa ya gagari masu gida. Misalin da ya fi shahara a duniya shi ne kwaɗon rake, wanda aka kai ƙasar Ostareliya a shekarar 1935 domin ya cinye ƙwarin gonaki, ya koma annoba. A Afirka ta Yamma akwai labari makamancin wannan, kuma a ƙasar Togo ya faro. Shi ne labarin wani ɗan ƙwaro mai huda masara da aka fara gani a ƙasar a shekarar 1984, da na wani ƙwaron da aka ɗauko takanas daga Amurka ta Tsakiya aka saka a 1991 domin ya farauce shi.

Wannan maƙala za ta bi sawun baƙi uku da suka shigo Togo ɗaya bayan ɗaya daga nahiya guda: masara, da ƙwaron da yake cinta, da maharbin ƙwaron. Za a kawo tarihin kwaɗon rake a tsakani, domin ta wurin kwatanta shi da na Togo ake gane cewa abin da yake raba magani da masifa, idan za a shigo da wata halitta ƙasar da ba tata ba, shi ne sanin yadda halittar take rayuwa tun kafin a sake ta.

Baƙuwa ta Farko: Masara

Asalin masara ƙasar Meziko ne, inda aka fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce. Ba ta shigo Afirka ba sai bayan da Turawa suka isa nahiyar Amurka a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 16 jiragen Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kamar yadda suka kawo rogo daga Burazil. Sunanta na Hausa kuwa yana nuni da wata hanyar daban, domin masana harshe suna danganta kalmar "masara" da ƙasar Masar, abin da yake nuna cewa ta arewa Bahaushe ya san ta. Ko ta wace hanya ta biyo, masara ta zo ta bar wasu daga cikin manyan maƙiyanta a can gida, ta yi ƙarnuka a Afirka ba tare da su ba.

A kudancin Togo, inda ake samun damina biyu a shekara, masara ta zama babban abinci. Manoman Ewe suna girbe ta fari a lokacin da iska take da laima, saboda haka ba sa ɓare ta. Sukan jera ta da ɓawonta a kan dandamalin itace, su tayar da ita kamar hasumiya, su yi mata jinka. Wannan rumbu, wanda suke kira ebli-va, yana barin iska ta ratsa masarar ta ƙarasa bushewa. A tsakiyar ƙasar da arewacinta damina ɗaya ce tak. A yankin Sokode ana noma doya da rogo da dawa da masara, ana yanka rogo a shanya shi ya bushe domin ajiya. A yankin Dapaong, kusa da iyakar Burkina Faso, gero da dawa ne tushen abinci tun dā, a hankali masara ta sami wuri a tsakaninsu. Inda damina ɗaya ce, abin da aka zuba a rumbu da kaka shi zai riƙe gida har wata kakar, don haka duk abin da ya taɓa rumbu ya taɓa rayuwar iyali kai tsaye.

Sokode kuwa gari ne na hanya tun asali. Ayarin fataken goro da suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sukan ratsa ƙasar Kotokoli, kuma unguwar Didaure ta samo asali ne daga zaman fatake Musulmi, cikinsu har da Hausawa. Daga baya garin ya faɗaɗa ya haɗe ƙauyukan Tem da suke kewaye da shi, irin su Koma da Kpangalam. A yau babbar hanyar mota da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode, mai nisan kimanin kilomita 340, ta wuce Kara da Mango ta kai Dapaong. A kanta buhunan hatsi suke hawa da sauka tsakanin kudu da arewa, kuma duk abin da ya ɓuya a cikin buhu yana tafiya tare da shi.

Baƙo na Biyu: Ƙwaro Mai Huda Masara

Masana suna kiran wannan ƙwaro *Prostephanus truncatus*. Tsawonsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu da rabi ba, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, jikinsa mulmulalle kamar guntun tsinke, bayansa a datse. Shi ma asalinsa Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda manoma suka daɗe da saninsa ba tare da ya zame musu babbar fitina ba. A ƙarshen shekarun 1970 ya ɓulla a lardin Tabora na ƙasar Tanzaniya, aka tabbatar da ko wane ne shi a 1981. Manoman can suka raɗa masa suna Scania, sunan babbar motar ɗaukar kaya. A 1984 aka gan shi a kudancin Togo, a kewayen Lome. Masu bincike suna ɗaukar wannan a matsayin shigowa ta biyu mai zaman kanta, suna kuma danganta ta da hatsin da ake shigowa da shi ta teku.

Daga Togo ya bazu zuwa maƙwabta. An tabbatar da shi a Benin a 1986, a Gana a 1989, a Burkina Faso a 1991, a Nijeriya a 1992, kafin ya kai Nijar a tsakiyar shekarun 1990. Ɓarnarsa ta sha bamban da ta ƙwarin da aka saba da su. Binciken da aka yi a rumbunan gargajiya na kudancin Togo a shekarun 1980 ya nuna cewa asarar nauyin masara bayan wata shida, wadda a dā take kusan kashi 7 cikin ɗari, ta haura zuwa kusan kashi 30 a rumbunan da ƙwaron ya shiga. A Tanzaniya an ga busasshen rogo ya rasa har kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa a wata huɗu. Wannan ya sa a farkon shekarun 1990 masana daga Birtaniya tare da takwarorinsu na Togo suka gudanar da bincike na musamman a Yankin Tsakiya, wanda Sokode ce hedikwatarsa, a kan ɓarnar ƙwaron ga busasshen rogo da masara da yadda take shafar tattalin gidajen manoma.

Yadda Yake Rayuwa

Ba a fahimtar girman ɓarnar sai an dubi rayuwar ƙwaron. Danginsa masu huda itace ne, kuma da wannan baiwar yake shiga hatsi. Babban ƙwaro yakan huda ɓawon masara, ko ya biyo ta cikin totuwa, ya shiga ƙwaya ya haƙa rami, ya zarce zuwa ta kusa da ita. Macen takan yi 'yan ɗakuna a gefen ramin ta zuba ƙwai, ta rufe su da garin da ta tona. Cikin 'yan kwanaki ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta ci gaba da cin ƙwayar da garin, ta yi saɓa har ta ƙosa, sannan ta kwanta ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Idan zafi ya kai maki 32 kuma akwai laima sosai, duk wannan yakan kammalu cikin ƙasa da wata guda, babban ƙwaron kuma ya rayu watanni yana ci yana haihuwa. Abin da yake tonawa ya fi abin da yake ci yawa, shi ya sa alamar farko da mai rumbu yake gani ita ce farin gari yana zuba daga masarar.

Halaye uku ne suka sa ya gagara. Na farko, idan namiji ya sami abinci yakan fitar da wani sinadari mai wari wanda yake kiran maza da mata daga nesa, saboda haka rumbun da ƙwaro ɗaya ya gano ba ya daɗewa bai cika ba. Na biyu, ya fi samun ƙarfi a masarar da take jikin totuwarta, domin ƙwayoyin a kafe suke, yana samun wurin dogara ya huda, kuma haka akasarin manoman Togo suke ajiye ta. Na uku, wanda aka gano daga baya a dazukan Kenya da Benin, shi ne cewa ƙwaron yana rayuwa yana haihuwa a busassun rassan itatuwa, nesa da kowane rumbu. Ke nan ko da an share dukkan rumbunan gari, wasu suna nan a daji suna jiran kaka.

Matakin farko da hukumomi suka ɗauka shi ne na magani. An shawarci manoma su ɓare masara su barbaɗa mata hodar kashe ƙwari mai haɗin sinadari biyu, domin maganin da aka saba da shi ba ya kashe wannan baƙon yadda ya kamata. Dabarar tana aiki, sai dai tana bukatar kuɗi da buhuna da ƙarin aiki a daidai lokacin da manomi ya fi shan hidima, kuma ba ta isa ga ƙwarin da suke daji. Daga nan hankalin masana ya koma ga wata tambaya: me ya hana ƙwaron zama annoba a ƙasarsa ta asali? Idan akwai wani maƙiyi da yake danne shi a can, ana iya ɗauko shi. Amma duk masanin da ya kawo wannan shawara ya san abin da ya faru a Ostareliya shekaru hamsin kafin nan.

Darasin Kwaɗon Rake

Kwaɗon rake, *Rhinella marina*, ƙaton kwaɗo ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. An kai shi tsibirin Puwerto Riko a shekarun 1920, aka yaba masa cewa ya rage ƙwarin gonakin rake, daga can aka kai shi Hawai a 1932. A watan Yuni na 1935 wani masanin ƙwari mai suna Reginald Mungomery, ma'aikacin hukumar binciken rake ta jihar Kwinsland, ya ɗauko kwaɗi 102 daga Hawai zuwa Gordonvale da ke arewacin jihar. Aka hayayyafa su, a watan Agusta aka saki ƙanana kimanin 2,400. Wani dattijon masani, Walter Froggatt, ya yi gargaɗi cewa wannan dabba mai cin komai, wadda ba ta da maƙiyi a ƙasar, za ta iya zama bala'i. Gwamnatin tarayya ta hana ci gaba da sakin a ƙarshen 1935, amma matsin lambar masu gonakin rake da gwamnatin jihar ya sa aka janye hanin a 1936. Zuwa 1937 an saki kimanin 62,000.

Da an tsaya an dubi rayuwar kwaɗon da ta ƙwaron da aka kawo shi dominsa, da an ga ba za su haɗu ba. Tsutsar ƙwaron rake a ƙarƙashin ƙasa take tana cin saiwa, babban ƙwaron kuma a sama yake zama, kwaɗo kuwa ba ya haƙa ya bi tsutsa, ba ya hawa kara. Sai ya bar gonakin ya shiga cin duk abin da bakinsa zai iya haɗiyewa. Macen takan zuba ƙwai tsakanin 8,000 da 30,000 a lokaci guda, a jere cikin dogon zare mai yauƙi, a kowane irin kwantaccen ruwa. Cikin kwana biyu ko uku sukan ƙyanƙyashe, 'ya'yan masu wutsiya su yi makonni a ruwa, su fito tudu. Akwai dafi a ƙwan, akwai a 'ya'yan, babban kwaɗon kuma yana da jakunkunan dafi biyu a bayan idanunsa.

Ostareliya ba ta da kwaɗo na wannan dangi tun asali, don haka namun dajinta ba su san dafinsa ba, jikinsu kuma bai saba da shi ba. Manyan ƙadangarun ƙasar, dangin damo da guza, da macizai, da kadojin ruwan daɗi, da wata ƙaramar dabba mai cin nama da ake kira kwal, duk sun riƙa haɗiyarsa suna mutuwa, har wasu suka kusa ƙarewa a wuraren da ya isa. Ya shiga gandun dajin Kakadu a 2001, ya tsallaka Ostareliya ta Yamma a 2009. A farkon zamani yana cin kimanin kilomita 10 a shekara, daga baya ya kai kusan 50, kuma binciken Farfesa Rick Shine da abokan aikinsa ya nuna cewa kwaɗin da suke sahun gaba sun fi na baya dogayen ƙafafu. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma har yau ba a sami hanyar mayar da hannun agogo baya ba.

Baƙo na Uku: Maharbi

Maƙiyin da aka gano a rumbunan Meziko da Amurka ta Tsakiya wani ɗan baƙin ƙwaro ne mai sheƙi, ƙarami fiye da wanda yake farauta, ana kiransa *Teretrius nigrescens*. Shi da tsutsarsa suna bin ramukan mai huda masara suna cin ƙwansa da tsutsotsinsa. Kafin a yi maganar sakinsa, masana a Jamus da Birtaniya da Kosta Rika sun shafe shekaru suna nazarinsa a ɗakunan gwaji da rumbuna. Sun bincika abin da yake ci da wanda ya fi so, da ko zai juya ya ɓata hatsi. Suka gano cewa yana iya ɗan lasar garin hatsi ya rayu, amma ba ya haihuwa sai ya sami ƙwarin da zai ci. Mafi muhimmanci, suka gano cewa warin nan da namijin mai huda masara yake fitarwa domin kiran 'yan'uwansa, shi ne maharbin yake bi ya gano inda suke. Wato rayuwarsa a ɗaure take da ta abin farautarsa, saɓanin kwaɗon rake da babu abin da ya haɗa shi da ƙwaron rake.

Yankin yana da misalai na kusa da suka ƙarfafa gwiwa. A 1981 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, a ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta saki wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro daga Amurka ta Kudu, wanda ya shawo kan farin ƙwaron da yake halaka rogo a faɗin Afirka. A 1987 kuma aka saki wani irinsa daga Indiya a Togo domin ceton itatuwan mangwaro. Duk da haka ba a yi gaggawa ba. An zauna taro a Kwatano a 1989, aka sake zama a Lome a 1990 tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar haɗin gwiwar fasaha ta Jamus, GTZ. A farkon 1991 hukumar kare tsirrai ta Togo da GTZ suka saki maharbin a kudancin ƙasar, karo na farko a nahiyar Afirka. Benin da Kenya suka biyo baya a 1992, Gana a 1994.

Abin da Ya Biyo Baya

Maharbin ya kama ƙasa, ya bazu da kansa har ya tsallaka iyakoki. Ana bibiyarsa da tarkuna masu ɗauke da warin mai huda masara, waɗanda suke kama ƙwarin biyu a lokaci guda. A kudancin Togo da Benin, inda laima take da yawa, adadin mai huda masara da yake faɗawa tarko ya ragu a shekarun da suka biyo baya, ɓarna a rumbuna ma ta yi sauƙi. A wuraren da suka fi bushewa tasirin bai kai haka ba. Wasu masana kuma sun nuna cewa idan mai huda masara ya riga ya yi ƙarfi a cikin rumbu, haihuwarsa ta fi ta maharbin sauri, don haka maharbin ba ya cim masa kafin a yi asara. Har yau ƙwaron yana nan, wata shekara ya lafa, wata shekara ya taso.

Saboda haka kariyar rumbu ta ci gaba da dogara ga hannun manomi da ɗan kasuwa: girbi a kan lokaci, share rumbu da ƙone ragowar bara kafin a zuba sabuwa, ɓare masara maimakon barinta a totuwa, da duba buhun da aka sayo kafin a haɗa shi da na gida. A 'yan shekarun nan an ƙara da buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko domin wake. Yana toshe iska har ƙwarin da suke ciki su mutu ba tare da magani ba, kuma masana daga Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi a kan masara a ƙasashen yankin.

Kammalawa

Idan aka auna labaran biyu za a ga maharbin Togo bai kawar da annobar da aka kawo shi dominta ba, ya dai rage ta, amma fiye da shekaru talatin bayan sakinsa bai zama annoba shi kansa ba. Kwaɗon rake bai rage komai ba, ya kuma zama annobar da ta fi ta farko. Bambancin ya samo asali ne daga abin da aka yi kafin a buɗe akwati: a Kwinsland wata biyu kacal aka yi tsakanin isowar kwaɗin da sakinsu, a Togo shekaru bakwai suka shige tsakanin ganin ƙwaron da sakin maƙiyinsa, ana gwaji ana shawara. A 1995 FAO ta amince da ƙa'idar shigo da irin waɗannan halittu da sakinsu, wadda ta ɗora wa ƙasashe nauyin yin bincike tukuna.

Baƙi ba su daina zuwa ba. A farkon 2016 aka ga wata tsutsa mai cin ganye da zuciyar masara a gonakin Nijeriya da Benin da Togo, ita ma daga nahiyar Amurka, kuma cikin shekara biyu ta game akasarin ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Tambayoyin da aka yi a kan maharbin 1991 su ne za a yi a kan duk wani maganin da za a kawo mata ko wa wanda zai biyo bayanta: me yake ci, a ina yake haihuwa, wa yake danne shi a gidansu, me zai koma ci idan abincinsa ya ƙare. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.